Tankin da Aka Juye Bai Rabu da Wuta Ba

Duk wanda ya san Suame Magazine a Kumasi ya san yawan yaranmu na zango da ke koyon walda da kanikanci a wurin. Sana'a ce mai albarka, amma sakaci kaɗan kan jawo asarar rai.

Ga misalin tankin mota. Yaro kan juye fetur, ya ga tanki wayam, ya ɗauko wutar walda. Alhali tururin fetur yana nan ciki, gauraye da iska, tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa shi. Ɗauraya da ruwa kawai ba ta korar tururin. In da hali, gara a sake tanki.

Saboda haka muna kira ga iyayen gida: kafin a taɓa kowane aiki, a tsaya da yara a duba abin da ka iya fashewa, ko faɗowa, ko kama wuta. Kada a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, sai an tokare ta.

Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin kare lafiyar ma'aikatansa. Mu kuma iyaye, mu riƙa leƙa inda muka kai 'ya'yanmu. Allah Ya tsare.