Kwanon Taliya Daga Wagini Zuwa Amurka: Me Ke Sa Mai Ci Ya Dawo?

Ya mai karatu, in ka taɓa tashi daga Katsina ka bi hanyar Batsari, ka ƙarasa Wagini can gefen Dajin Rugu, ka san irin yunwar da kan kama matafiyi. Kana sauka daga mota ido zai fara neman inda hayaƙi ke tashi. Ga mai tuwo da miyar kuka, ga mai ƙosai, ga matan Fulani da ƙwaryar fura da nono. Ga kuma wata a gefe da babbar roba cike da taliya, da kwalbar manja, da gwangwanin yaji.

Sai ka durƙusa ka ce, "Sannu da aiki, Inna. A zuba mani, a kuma sa mani gyara." Ita kuwa ta yi murmushi ta ce, "Malam, kai da ba ka ko ɗanɗana ba har ka fara roƙon gyara?" Amma ta ƙara ɗin. Wannan 'yar gyara ita za ta sa ka neme ta in ka sake zuwa.

A wannan wata muna so mu bi sawun kwanon taliyan nan. Zai kai mu nesa, har ƙetaren teku, sa'an nan ya komo da mu gida da wani abin tunani domin masu dafawa da masu ci.

Daga ina taliya ta zo?

Kakanninmu da gero da dawa suka saba. Alkama abincin masu hali ce, sai a birane irin su Kano da Katsina, inda fataken Larabawa daga Gadamas da Tarabulus suka zauna suna ciniki tun kafin zuwan Turawa. Mutane da yawa suna danganta abincin alkama irin su gurasa da alkaki da taliya da zaman baƙin nan. Wasu kuma sun lura sunan taliya ya yi kama da Italiya, ƙasar da ke tsallaken teku daga Tarabulus, wadda ta shahara a duniya da wannan abinci.

Yau taliya iri biyu ce a wurinmu. Akwai ta leda wadda kamfanoni irin su Golden Penny ke yi. Akwai kuma 'yar murji, wadda uwargida ke kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, ta murza a injin hannu, ta shanya a kan igiya har ta bushe. Irin wannan ɗan inji ana ƙera shi a Italiya tun wajen 1930. Mata da yawa da shi suke sayen sabulu da littafin 'ya'yansu ba tare da sun fita ƙofar gida ba.

Talakawan da suka haye teku

Tsakanin 1880 da 1924 mutanen Italiya fiye da miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka. Yawancinsu manoma ne matalauta daga kudancin ƙasar, irin masu tafiya cin rani. Suka yi aikin haƙar ƙasa, da fasa dutse, da shimfiɗa hanyar jirgi. Matansu kuwa suka riƙa dafa wa 'yan'uwansu ƙwadago abinci ana biyansu. Da haka ƙananan gidajen abinci na iyali suka fara tsirowa, a manyan birane da fari, daga baya har a ƙananan garuruwa.

A garinsu na asali nama sai ranar biki. A Amurka suka tarar yana da araha. Saboda haka suka riƙa niƙa shi, suna dunƙulawa manya manya, suna ɗorawa bisa taliya da miyar tumatir mai yawa. Mutumin Italiya da ya zo baƙunci yakan yi mamaki, gama a can gida ba haka ake haɗa su ba. Watau dai abincin ya sake kama saboda sabon wuri, kamar yadda taliya ta iso wurinmu ta sadu da manja da yaji da wake.

Wanda ya shiga irin wannan gidan abinci a ƙaramin gari, ga abin da yakan tarar. Tebura kaɗan ne, an lulluɓe su da ƙyalle mai gidan dara ja da fari. Hotunan kakanni suna rataye a bango. Sau da yawa maigida ko uwargida ne a madafa, 'ya'ya kuwa su ke kai abinci. Kafin a kawo abin da ka ce, za a fara ajiye maka burodi. Ƙanshin tafarnuwa da man zaitun da cuku ya cika ɗakin. Kwanon da za a kawo maka yakan fi ƙarfin cikinka, sauran sai a ƙunshe maka ka tafi da shi gida. In ka gama, al'adar ƙasar ce ka bar wa wanda ya yi maka hidima tukuici, kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin, domin da shi yake cika albashinsa.

Gunagunin masu ci a can bai bambanta da namu ba: an daɗe ba a kawo ba, abinci ya huce, taliya ta yi laushi ta caɓe, ko mai kawowa ya ɗaure fuska. A ƙaramin gari kuwa irin wannan magana ba ta kwana. Kafin gari ya waye kowa ya ji.

Miyar da masu ci suka ɗaukaka

Akwai wani yaro, sunansa Ettore Boiardi, wanda ya sauka Niyu Yok a 1914 yana da shekara 16. Ya yi aikin kuku a manyan masaukai, har a 1924 ya buɗe nasa gidan abinci a birnin Cleveland. Miyarsa ta yi wa mutane daɗi ƙwarai, har suka riƙa roƙonsa ya ba su su kai gida. Bai hana ba. Sai ya riƙa wanke kwalaben madara yana zuba musu. Da abin ya yi yawa, a 1928 ya soma yin miyar domin sayarwa a kantuna. A 1938 ya kai masana'antarsa wani ƙaramin gari, Milton, cikin jihar Pennsylvania, inda manoma ke noma masa tumatir. Ya sauya rubutun sunansa ya zama Boyardee domin Amurkawa su iya faɗa. Ya rasu a 1985, amma sunan bai bar jikin gwangwanaye ba.

Ka lura, ya mai karatu, abokan cinikinsa ne suka nuna masa hanyar arzikinsa. Shi dai ya kasa kunne ya ji abin da suke so.

Garin da ake ci tare

A jihar nan ta Pennsylvania akwai wani ɗan gari, Roseto, wanda mutanensa ba su kai 2,000 ba. Masu fasa dutse ne suka kafa shi, suka sa masa sunan ƙauyensu na Italiya. Wani likita, Stewart Wolf, da abokan aikinsa suka bincika yawan mace-macen garin na shekarun 1955 zuwa 1961. Suka ga masu mutuwa da bugun zuciya a Roseto kamar rabin na garuruwan maƙwabta ne. Abin ya ba su mamaki, gama mutanen suna cin kitse, suna shan taba, suna aikin wahala.

Likitocin suka ɗora dalilin a kan zumunci. Kaka da ɗa da jika suna gida ɗaya, suna ci tare. Ba a barin tsoho shi kaɗai, ba a barin mai rashi ya kwana da yunwa. Bayan shekaru, sa'ad da samari suka watse kowa ya ja nasa gida, ciwon zuciya a garin ya ƙaru ya kamo na maƙwabta. Masana suna ta muhawara a kan wannan bincike, kada kuma wani ya ɗauka an ba shi iznin cin kitse. Amma Bahaushe da ya tashi yana sa hannu a akushi ɗaya da 'yan'uwansa a zaure ya san ci tare yana da wani amfani wanda ya wuce ƙoshi.

Mu komo Wagini

To, me mai ci yake nema a rumfar abinci, ko a Roseto ko a Wagini?

Na fari, tsabta. Mai hankali yakan dubi ruwan wanke kwano kafin ya dubi tukunya. In ruwa ɗaya ne tun safe, ya yi kauri ya yi maiƙo, gara ya haƙura. Kada mu manta da 2021, shekarar da cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wahala. Cutar nan ta ruwa da abinci da hannu marar tsabta take bi. Buta da sabulu a bakin rumfa, da murfi a kan roba saboda ƙuda da ƙura, da abinci mai zafi, ba su da tsada kamar kwana a asibiti.

Na biyu, gaskiyar awo. Kowa ya san fulawa da manja sun yi tsada, musamman tun 2023 da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi. Yawancin alkamar da ake niƙa fulawa da ita daga ƙasashen waje ake kawowa. Mai ci zai yi haƙuri in an ce masa, "Malam, kaya sun tashi, kwano ya ƙara kuɗi." Abin da ke ɓata masa rai shi ne a rage ludayi a ɓoye, ko a ɗumama na jiya a ce masa na yau ne.

Na uku, sakin fuska. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Direba da ɗan kamasho da manomin da ya kawo hatsi kasuwa duk a gajiye suke zuwa. Wadda ta tuna wane ba ya son yaji da yawa, ta tambayi wane jikin mahaifiyarsa, ta riga ta kama su.

Mai ci ma yana da nasa

Kada dai mu ɗora kaya duka a kan mai dafawa. Na san wata mai taliya a wani gari, gwauruwa ce da 'ya'ya huɗu. Abincinta ba a kushe shi, rumfarta ba ta rabuwa da mutane. Duk da haka cikin shekara guda ta nannaɗe tabarmarta. Me ya faru? Bashi. Wannan ya ce sai ran kasuwa, wancan ya ce sai ya sayar da wake. Dukansu 'yan gari ne, wasu ma dangi, kunya ta hana ta tambaya. Ran da ta je wurin mai fulawa ya ce sai ta biya na baya, ran nan sana'ar ta mutu. Waɗanda suka ci bashin kuwa suka koma rumfar gaba suna biya a take.

Matan nan suna aiki cikin wuya. Shekarun nan yankin Batsari da Safana ya sha fama da 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 har an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, da waɗannan biyu a ciki. Duk ran da tsoro ya hana mutane fitowa, mai abinci ce ke fara yin hasara, gama hatsi yana jiran wani mako, dafaffiyar taliya kuwa ba ta jira. Wadda ta tashi da asuba ta hura wuta cikin irin wannan hali ta cancanci a biya ta hakkinta da sauri, a kuma gode mata.

Saboda haka, maigida, in akwai sauran kuɗin wata mai abinci a kanka, kada ka bari watan nan ya ƙare. In ka ga abin gyara a rumfarta, ja ta gefe ka faɗa mata a hankali, kada ka kai maganar tasha. Ke kuma uwargida mai sana'a, ki sake ruwan wanke-wanke, ki ajiye ɗan littafin bashi, ki saurari masu cin abincinki yadda Boiardi ya saurari nasa.

In kuwa hanya ta sake kai ka Wagini, ka nemi Inna mai taliya. Ka wanke hannu, ka zauna, ka ci da zafinta. Ka biya kafin ka roƙi gyara.