Digirin Digirgir a Fannin Koyar da Ƙididdiga: Ina Amfaninsa ga Jigawa?

A watan Nuwamba na 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa katutu. An yi ta kai-kawo a kan maganar a majalisun hira, wasu na cewa gaskiya ce, wasu na cewa sharri ne. Ƙalilan ne suka tsaya tambayar gidaje nawa aka shiga, ta yaya aka zaɓo su, me kuma aka auna. Alhali ba kuɗin aljihu rahoton ya auna ba, lafiya da karatu da yanayin muhalli da aikin yi ya duba. Iya yin irin waɗannan tambayoyi abu ne da ake koyarwa, kuma akwai fannin ilimi guda da ya keɓanta da binciken yadda za a koyar da shi. Har digirin digirgir ana yi a kansa.

Da farko ya kamata a rarrabe abu biyu. Mai digiri na uku a ƙididdiga zalla yana ƙirƙiro sababbin dabarun nazarin alƙaluma ne, aikinsa lissafi ne mai zurfi. Shi kuwa mai digiri a koyar da ƙididdiga, ɗan Adam yake nazari: yadda yaro ke fahimtar jadawali, inda ɗalibi ke tuntuɓe a darasin yiwuwar aukuwar abu, da abin da malami zai sauya domin darasi ya zauna. Saboda haka yana buƙatar ƙafa biyu, ɗaya a ƙididdiga, ɗaya a ilimin koyarwa.

Fannin bai tsufa ba. A 1982 aka yi taron duniya na farko kan koyar da ƙididdiga a birnin Sheffield na Ingila, daga nan ake yin sa duk bayan shekara huɗu, kuma na 2002 a Cape Town ta Afirka ta Kudu aka yi shi. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan fanni, IASE, wadda mujallarta ta bincike ta fara fitowa a 2002. Jami'ar Minnesota ta Amurka na cikin na farko da suka buɗe karatun gaba da digiri a fannin, ƙarƙashin Farfesa Joan Garfield. A New Zealand kuma, Chris Wild da Maxine Pfannkuch sun bayyana a 1999 cewa tunanin mai ƙididdiga zagaye yake yi: a gano matsala, a tsara bincike, a tattaro bayanai, a nazarce su, a yanke hukunci, sannan sabuwar tambaya ta taso. Darasin da ya tsaya ga haddace ƙa'ida, gaɓa ɗaya kawai ya taɓa cikin biyar.

A nan matsalarmu take. Ɗalibin sakandare a Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu yana iya fitar da matsakaici a jarrabawar WAEC ko NECO ya ci makinsa, amma bai san lokacin da matsakaicin ke yaudara ba. A ce manoma goma ne a ƙauye, tara kowa ya sami buhu 10 na gero, ɗaya ya sami buhu 110. Lissafi zai ce matsakaicin abin da kowa ya samu buhu 20 ne, alhali mutum tara rabin haka suka gani. Jami'in da ya raba tallafi bisa wannan adadi ya zalunci mutum tara ba tare da ya yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba. Haka abin yake a manyan makarantu, inda ɗaliban ajin ƙarshe da yawa ke kai takardun tambayoyinsu shagon kwamfuta, a zuba musu a manhajar SPSS, su karɓo jadawalin da ba za su iya bayyana shi a gaban malamai ba.

Ba kuwa don mutanenmu ba su da basirar abin ba ne. Mai sayen riɗi a kasuwar Shuwarin ba ya zazzage buhu duka kafin ya yi ciniki, yakan ɗebo kaɗan daga sama da tsakiya ya duba, domin ya san ana iya ɗora mai kyau a baki. Wannan shi ne tushen ɗaukar samfuri, darasin da ke ba ɗaliban jami'a wahala. Yadda za a haɗa abin da yaro ya baro a gida da abin da ke kan allo tambaya ce da ta isa kundin digiri na uku. Akwai wasu irinta: shin yaron da aka fara yi wa bayani da Hausa ya fi riƙe darasin? Wane shiri malaman da ke fitowa daga Kwalejin Ilimi ta Gumel suke samu a wannan ɓangare na lissafi? Yaya manomin Jahun ko Miga, da ambaliyar 2022 ta shafa, yake fahimtar hasashen damina na hukumar NiMet? Babu wani baƙo da zai amsa mana waɗannan fiye da ɗan gida.

Ga mai niyya, hanyar da aka fi bi a Najeriya ita ce ta sashen koyar da kimiyya da lissafi a tsangayar ilimi, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai mutum ya karkatar da bincikensa ga ƙididdiga. Ana buƙatar digiri na biyu mai kyakkyawan sakamako, kuma mafi ƙarancin lokaci shekara uku ne ga mai karatu ba tare da haɗawa da aiki ba. Za a gabatar da ƙudurin bincike a kare shi, a nemi izinin hukumomin ilimi da na iyaye kafin shiga aji, a tattara bayanai, a buga maƙaloli a mujallu, a ƙarshe a kare kundi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Yana da kyau a sami malamai biyu masu duba aikin, ɗaya masanin ƙididdiga, ɗaya masanin koyarwa. Malaman manyan makarantun gwamnati na iya neman tallafin TETFund ta hannun makarantunsu, kuma mujallar IASE da takardun tarukanta kyauta ake karanta su a intanet.

Wahala kam akwai ta. Masu duba aiki a wannan fanni ba su da yawa, kuɗin bincike kan fito daga albashi, ga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'i wata takwas. Wanda ya shiga don kawai a kira shi Dakta, da wuya ya kai gaci, domin binciken aji yana cin zangon karatu bayan zango, kuma wani lokaci sakamakon kan nuna cewa dabarar da mutum ya ƙwallafa rai a kanta ba ta yi aiki ba. Faɗin hakan a kundi shi ma ilimi ne.

Jigawa tana da wuraren da irin wannan masani zai yi aiki. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta buɗe a 2011, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ta biyo baya a 2013, ga kwalejin Gumel, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha a Dutse. Malami guda da ya ƙware yana horar da ɗaruruwan malamai, su kuma su shiga azuzuwan ƙananan hukumomi 27. Tun 2006 rabon da a ƙidaya jama'a a ƙasar nan, saboda haka kusan duk shirin makaranta ko asibiti bisa ƙiyasi ake yin sa, kuma mai aiki da ƙiyasi dole ya san iyakarsa. Ya kamata waɗannan makarantu da ma'aikatun ilimi na jiha su ware gurbin tallafi ga wannan fanni, su kuma ɗora sharaɗin cewa a azuzuwan Jigawa za a yi binciken, a kuma mayar wa malaman da aka yi aikin da su sakamakonsa cikin harshen da za su yi amfani da shi.