Ƙaton Inji a Tsohuwar A-Kori-Kura: Nazari a kan Wata Al'adar Kanikawan Amurka

Wanda duk ya halarci ɗaya daga cikin tarukan da ma'abota tsofaffin motoci ke yi a ƙasar Amurka, inda kowane gwani ke jera abin da hannunsa ya ƙera domin a gani a yaba, ba zai rasa lura da wani baƙon abu da ya yawaita a 'yan shekarun nan ba: tsohuwar a-kori-kura ƙirar Ford ko Chevrolet ko Dodge, wadda aka ƙera jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an sauke ta har cikinta yana neman shafar ƙasa, an bar mata tsatsarta da gangan, an yar da murfin gaba, sa'an nan an girke mata wani ƙaton injin dizal wanda tun asali ba domin irinta aka yi shi ba, bututun hayaƙinsa ya miƙe sama ya wuce rufin ɗakin direba. Da can irin wannan mota guda ɗaya ta isa ta tara jama'a, amma yau abin ya zama mazhaba mai zaman kanta, da shehunnanta da almajiranta da kasuwar kayayyakinta.

Lamarin yana da ban mamaki, domin usulin wannan sana'a da suke kira hot rod ya saɓa wa dizal ta kowace fuska. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka assasa ta a shekarun 1930, suna sayen Ford mai araha, su kwashe duk abin da ke ƙara mata nauyi, su nufi busassun tafkunan hamadar Mojave, kamar Muroc da El Mirage, su gwada wanda ya fi gudu. Aƙidarsu ba ta wuce abu biyu ba, wato rage nauyi da saurin juyawar inji, kuma a kan haka ne suka rungumi injin fetur mai silinda 8 na Ford wanda ya fito a 1932, daga bisani suka koma ga na Chevrolet na 1955. A kan haka kuma mujallar Hot Rod, wadda Robert Petersen ya kafa a 1948, ta tarbiyyantar da masu karatunta. Shi kuwa injin dizal, da yake yana matse iska ne har ta yi zafin da mai zai kama da kansa ba tare da fulogi ba, tilas ƙarfensa ya yi kauri, juyinsa ya yi jinkiri, saboda haka aka bar wa manomi da direban babbar mota shi. Ko da motar Clessie Cummins mai injin dizal ta kammala tseren mil 500 na Indianapolis a 1931 ba tare da ta tsaya shan mai ba, ko da wata motar kamfanin nasa ta fi kowa gudu a gwajin shiga tseren a 1952, samarin nan ba su waiwaya ba. Abin da kawai suka ara daga dizal shi ne na'urar hura iska ta injin Detroit Diesel mai lamba 6-71, wadda suka riƙa cirewa suna ɗora wa injunansu na fetur. Bugu da ƙari, injin dizal ɗin da Oldsmobile ta sa a ƙananan motoci daga 1978 zuwa 1985 ya yi ta lalacewa, har ya ɓata wa dizal suna a wurin Amurkawa na tsawon zamani.

Musabbabin juyin da aka samu yana komawa ne ga shekarar 1989, lokacin da Dodge ta fara sa injin Cummins mai silinda 6 a jere, mai lita 5.9, a cikin manyan a-kori-kuranta na Ram. Injin nan ba na ƙaramar mota ba ne. An tsara shi ne domin motocin noma da na gine-gine da matsakaitan motocin kaya. Ƙarfinsa a lokacin doki 160 ne kacal, amma ƙarfin murɗawarsa, wato ƙarfin da ke tayar da kaya daga tsaye, ya ninka na injunan tsofaffin a-kori-kura sau biyu har da ɗoriya. Da shekaru suka shuɗe, gishirin da ake zubawa a titunan arewacin ƙasar lokacin dusar ƙanƙara ya cinye jikin motocin, injunan kuwa suna nan garau, sai filayen 'yan gwangwan suka cika da lafiyayyun injuna marasa jiki, alhali a bayan rumbunan manoma akwai jikkuna marasa inji. Ƙanin injin nan mai silinda 4 da lita 3.9, wanda aka fi sani a motocin rarraba burodi da kayan shaguna, shi ma haka ya wadata. Wannan shi ne sababi na zahiri.

Na baɗini kuwa, wanda a ganina shi ne tushen al'amarin, gudun kwamfuta ne da gudun doka. Injunan Cummins da aka yi daga 1989 zuwa farkon 1998 ba su da kwamfutar da ke sarrafa su. Famfon ƙarfe ne ke auna mai yana tura shi zuwa nozul, kuma tun daga 1994 famfon Bosch mai lamba P7100 ne ke wannan aiki, wanda su ma'abota abin ke ambata da girmamawa. Bakanike yana iya buɗe murfin saman famfon, ya zame wani ɗan faifan ƙarfe da ke iyakance mai zuwa gaba, ya canja sifirin ɗin gwamna domin injin ya ƙara juyi, a cikin yini guda ya sami ƙarin ƙarfi mai yawa da sifana da sukuddireba kawai. Kuma da zarar injin ya tashi, wutar da yake bukata ba ta wuce ta waya guda mai riƙe da bawul ɗin kashe mai ba. Mutumin da ya tashi yana gyaran kafireta da hannunsa, sa'an nan zamani ya kawo motocin da ba a taɓa su sai da na'ura da izinin kamfani, a cikin wannan inji ya sami mafaka ta ƙarshe. Ita kuwa doka, tun daga Dokar Tsabtar Iska ta 1970 take ƙara matsa wa sababbin injuna lamba, har a 2007 ƙa'idojinta suka tilasta sa matatar toka a salansar dizal, zuwa 2010 aka shiga zamanin ruwan yuriya mai rage gubar hayaƙi. Amma hannunta bai cika kaiwa ga tsofaffi ba. A Kalifoniya, wadda ta fi kowace jiha tsanani, ba a kai motar fetur ta 1975 ko wadda ta girme ta gwajin hayaƙi, haka nan motar dizal ta 1997 ko wadda ta girme ta. Ashe ke nan wanda ya haɗa jikin 1950 da injin 1995 ya haɗa rangwame biyu a mota guda, ya zauna a inda hukuma ba ta cika leƙawa ba, kuma da wuya a ce wannan dace ne kawai.

Akwai kuma hannun gundura da na talabijin. Mutane sun ƙosa da ganin injin Chevrolet iri ɗaya a kowace mota, sai aka sami masu salon rat rod, waɗanda ke alfahari da tsatsa da ɗanyar walda, irin su Steve Darnell na garejin Welder Up a Las Vegas, wanda shirin Vegas Rat Rods ya yayata shi daga 2014. A fagen gudu ma an kafa hujja tun 2002, lokacin da a-kori-kurar Gale Banks mai injin Cummins ta wuce mil 200 a sa'a a filin gishirin Bonneville.

To, idan aka juyo ga sakamako, abin da ake fara cin karo da shi nauyi ne. Injin nan mai silinda 6 yana kusa da kilo 500, wato kusan ninkin injin fetur na Chevrolet da aka saba sawa, ita kuwa motar gaba ɗayanta, irin Chevrolet ta 1947 zuwa 1955 ko Ford F-1 ta 1948, ba ta wuce tan ɗaya da rabi ba. Ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Shasin asali, wanda ƙarfensa a buɗe yake ta gefe guda, sai an liƙe shi da faranti an yi masa walda daga gaba har baya, in ba haka ba injin ya murɗe shi. Sifirin ɗin gaba sai an canja. Giyar asali ba ta jure mako guda, sai an nemo ta babbar mota. Gatarin baya shi ma haka, tare da canja haƙoransa, domin injin da ba ya wuce juyi 2,500 a minti ba zai yi tafiyar babbar hanya da haƙoran da aka yanka wa injin fetur ba. Saboda tsawonsa sai an yanke bangon da ke tsakanin inji da direba an tura shi ciki, har direba ya rasa wurin miƙe ƙafa. Ga lagireto babba, ga na'urar sanyaya iskar turbo, ga batir biyu. Da yake kuma dizal ba ya samar da zuƙar iskar da birkin motar fetur ke dogara da ita, sai an jawo ƙarfin birki daga famfon sitiyari ko an ƙara wani famfo dabam. A nan ne haɗari yake, domin da yawa suna kashe dukiyarsu a kan ƙarfin tafiya su yi sakaci da ƙarfin tsayawa, alhali motocin wancan zamani birkinsu layi guda ne, wanda in ya ɓule ƙafa huɗu suka tafi, ba su da bel, ba su da abin da ke shanye karo. Fa'ida guda da ba a musu ita ce tankin mai, wanda a yawancinsu yana cikin ɗakin direba bayan kujera, gara ya ƙunshi dizal da ya ƙunshi fetur.

Wahalar wannan aiki ta sa da yawa suka ɗauki gajeriyar hanya: su sayi Dodge ta shekarun 1990 sukutum, su yar da jikinta, su ɗora tsohon ɗakin direba a kan shasinta. Ta fuskar aminci wannan ya fi, ba shakka, amma ya haifar da mas'alar da masu adana kayan tarihi ke ta jayayya a kanta, wato wace mota ce wannan? Takarda ta ce ta 1950 ce, alhali abin da ya saura na 1950 bai wuce fatar ƙarfe da lambar da ke jikin ƙofa ba. Masu kare al'adar suna cewa da ba domin su ba da jikkunan nan sun ruɓe a gona, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu idan ruɓaɓɓiya aka ceto. Hujjar tasu tana faɗuwa ne sa'ad da aka yanka lafiyayyar mota wadda ta tsira shekaru 70 da kayanta na asali. Kanikawanmu ma sun san dashen inji, domin sau nawa aka ga tsohuwar mota tana yawo da injin da ba nata ba. Sai dai namu larura ce ta neman abinci, kuma larura tana da hukuncinta, nasu kuwa nishaɗi ne, saboda haka ba su da uzurin da namu ke da shi idan aikin ya cutar da wani.

Cutarwar kuwa hayaƙi ce. Injin dizal da aka daidaita shi sosai ba ya baƙin hayaƙi sai kaɗan. Wannan turnuƙun da wasu ke fitarwa da gayya mai ne da ya fi ƙarfin iska bai ƙone ba, wato almubazzaranci ne da aka mayar abin ado. A 2012 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Da wasu suka mayar da bulbula wa masu keke da masu tafiya a ƙasa hayaƙi abin wasa, jihar New Jersey ta haramta shi a 2015, Colorado da Maryland suka biyo baya a 2017. Gaskiya ne tsofaffin a-kori-kuran nan ba su da yawa, kuma galibinsu sai ranar taro suke fitowa, don haka gubar da suke fitarwa ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da ta manyan motocin kaya. Amma su ne ke ƙawata ɗabi'ar a idon samari, samarin kuma su je su cire matatar hayaƙi daga sababbin motocin da ake hawa kullum. Hukuma ba ta yi wasa da wannan ba, domin shi kansa kamfanin Cummins a ƙarshen 2023 ya amince da biyan tarar dala biliyan 1.675 bisa zargin sa dabarun kauce wa gwajin hayaƙi a motocin Ram, ko da yake bai amsa laifi ba.

Kasuwa ma ta motsa. Tsofaffin injunan da da ake saya da arha sun yi tsada, kuma a 2017 Cummins ya fito da sabon inji a akwati, R2.8, mai silinda 4 da doki 161, wanda nauyinsa bai kai rabin na babban ba, musamman domin masu dashe. Abin lura shi ne wannan inji yana da kwamfuta, wato ainihin abin da aka gudo dominsa, shi ya sa bai kashe wa masu tsattsauran ra'ayi ƙishirwa ba, duk da cewa ya fi dacewa da ƙaramar mota nesa ba kusa ba.

Hukuncin da nazarin nan ya kai gare shi yana da rabe-rabe. Sa dizal a tsohuwar a-kori-kura ba bidi'a ba ce abar ƙi, domin motar aiki ce tun fil azal, kuma injin aiki ya fi kusa da ɗabi'arta bisa injin tsere. A babbar mota irin Dodge Power Wagon, mai kaurin shasi, ko da ƙaramin inji mai silinda 4 a matsakaiciya, maslahar ta rinjayi ɓarnar, ga sauƙin shan mai ga ƙarfin ja. Amma cusa inji mai kilo 500 a motar da aka yi domin ɗaukar kayan rabin tan, a buɗe masa famfo har ya riƙa aman baƙin hayaƙi, a bar birki yadda yake tun zamanin da aka ƙera motar, wannan israfi ne da ganganci, kuma rangwamen da doka ta yi wa tsofaffin motoci ba domin haka aka yi shi ba. Idan masu wannan sana'a ba su tsawata wa junansu ba, majalisun jihohi za su janye rangwamen, kuma ranar da suka janye shi, wanda ya adana motar kakansa da amana shi ma abin zai shafe shi.