Komawa Bakin Aiki Bayan Jinya: Nauyin da ke Kan Abokan Aiki

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun jinya har kwana 12 a shekara da albashinsa idan likita ya tabbatar da ciwon. Ta ba mai haihuwa mako 12, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa bayan ta koma. Sai dai iyakar doka ta mayar wa mutum kujerarsa. Ko zai zauna a kanta hankali kwance ko ya sake tattara nasa ya nasa, wannan yana hannun abokan aikinsa. Su suka riƙe aikinsa da ba ya nan, su suka san abin da ya canza, su kuma zai riƙa gani daga safe har tashi.

Dubi wanda ya dawo daga jinyar tarin fuka. Maganin yakan ɗauki wata 6, amma likitoci sun tabbatar cewa bayan 'yan makonni da fara shan maganin da ya karɓe shi, akasarin masu cutar ba sa yaɗa ta. Duk da haka, sai ka ga an ware masa kofin shayi, an daina cin tuwo kwano ɗaya da shi, an matsa idan ya shigo sahun azahar. Mai jego ta fita shayarwa, sai a bi ta da habaicin "manya an tafi hutu". Irin wannan yana sa mutum ya ɓoye ciwonsa, ya ƙi zuwa asibiti ranar da aka ba shi, ya ɗora wa kansa aikin da jikinsa bai kai ba, har ciwon ya dawo. Wanda kuwa aka tarba da "ya jiki?" da "Allah ya ƙara sauƙi", aka zaunar da shi aka nuna masa inda aiki ya tsaya, ba a tsare shi da tambayar me ya same shi ba, ya fi saurin komawa daidai.

Wani zai ce wannan aikin shugaba ne, kuma waɗanda suka yi wata da watanni suna aikin mutum biyu ba ƙarin sisi suna da hakkin gajiya. Gaskiya ne, haƙuri yana ƙarewa idan ba a san ranar sauke kaya ba. A Birtaniya ma, tun 2010 takardar likita take iya ba da shawarar a dawo sannu a hankali, a rage sa'o'i ko a sauya nau'in aiki. Wajibi ne shugaba ya raba nauyin a fili, ya sa masa wa'adi, ya yaba wa waɗanda suka ɗauka, ba tare da tona asirin ciwon ba. Amma idan bai yi ba, shi ya kamata a kai wa kuka. Mai jinya ba shi ya hana ɗaukar ma'aikacin wucin gadi ba, kuma huce haushi a kansa ba zai rage wa kowa aiki ba, sai dai ya sake kwantar da shi, nauyin ya dawo kan waɗanda suka gaji tun farko.