Ƙaramin Inji a Ƙasar Gobir: Yadda Zafi da Ƙura Suke Cin Tsohuwar Mota

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Goronyo zuwa Sabon Birni, ko kuwa wadda ta haɗa Isa da Shinkafi, zai ga cewa ƙananan motoci tsofaffi ne suke ɗauke da kaso mai yawa na zirga-zirgar jama'a. Su ne suke kai fasinja kasuwa, su kai mara lafiya asibiti, su kuma dawo da buhunan hatsi da albasa. Daga cikinsu akwai Toyota Corolla mai ƙofa huɗu, wadda yawancinta ta girmi matasan da suke tuƙa ta. An saba jin cewa tsufa ne yake kashe injin irin wannan mota. Amma ilmin kimiyya ya nuna cewa zafi da ƙura da nauyin kaya su ne suke yin ɓarnar, kuma dukkansu abubuwa ne da mai mota yake da ikon rage su.

Asalin motar

Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara fitar da Corolla a shekarar 1966, da inji mai girman lita 1.1, domin iyalin da ba su da ƙarfin sayen babbar mota. A shekarar 1997 ta zarce Volkswagen Beetle, watau ƙwaro, ta zama sunan motar da aka fi saya a duniya, kuma a 2021 adadin da aka sayar ya kai miliyan 50. Samfurorin da suka fito a 1987 da 1991 da 1995 yawanci injinsu lita 1.3 ne ko 1.6, mai silinda huɗu, kuma tayoyin gaba ne suke jan motar.

A Nijeriya kuwa, Peugeot 504 ce ta daɗe tana mulkin hanya, tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Bayan da darajar Naira ta faɗi sakamakon shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, sai aka koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai. Da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka sauka, suka bi ta Jamhuriyar Nijar, sannan suka shigo Arewa, shi ya sa ake ce musu 'yan Kwatano. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Abin lura a nan shi ne, motar da aka shirya don titunan Turai masu sanyi da laima ita ce ta sami kanta a ƙasar da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40.

Yadda injin yake aiki

Injin fetur yana bin tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876, mai matakai huɗu. Da farko fistan yana sauka ya zuƙo iska haɗe da fetur cikin silinda. Na biyu, ya hau ya matse su. Na uku, fulogi ya ba da tartsatsi, haɗin ya kama da wuta, ƙarfinsa ya tura fistan ƙasa. Na huɗu, fistan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Idan injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya, to silindojin huɗu suna yin wannan ƙonewa sau 100 a kowace daƙiƙa.

Abubuwa biyu ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, inji ya fi shan iska a kan fetur. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, watau lita ɗaya ta fetur tana tafiya da kimanin lita 9,000 ta iska. Na biyu, ƙarfin da yake cikin fetur ba duka yake zama tafiya ba. Abin da yake juya taya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Sauran zafi ne, wanda kusan rabinsa yake fita ta salansa, rabi kuma dole ruwan lagireto ya kwashe shi.

Ƙura

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙura daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A kan wannan kuma ga ƙurar hanyoyin ƙauye da ba su da kwalta. Ƙurar ƙasa tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi ƙarfen silinda tauri. Idan suka shiga inji sai su cakuɗu da baƙin mai, su riƙa goge bangon silinda da ringin fistan kamar yadda dutsen wasa yake cin wuƙa. Da ringi ya ci, matsi sai ya ragu, motar ta rasa ƙarfi, ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi.

Abin da yake tsare injin daga wannan shi ne matatar iska, wadda takarda ce ta musamman da aka nannaɗe. Idan ta toshe, akan cire ta a busa mata iska mai ƙarfi, wani lokaci ma a jefar da ita gaba ɗaya don motar ta ƙara gudu. Busawa da ƙarfi tana iya huda takardar, kuma ƙaramar ɓula ta isa ƙura ta bi. A motar da take da kabureta, toshewar matata tana sa fetur ya yi yawa a cikin haɗin, a ga baƙin hayaƙi, mai kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Saboda haka a wannan yanki canja matata ya kamata ya zo da wuri fiye da abin da aka ƙayyade wa mai tuƙi a Turai, haka ma juyen baƙin mai.

Zafi

Lagireto yana zubar da zafi ne gwargwadon bambancin da yake tsakanin zafin ruwansa da na iskar waje. Alal misali, idan ruwan yana digiri 90 iska kuma tana 20, bambancin 70 ne. Amma a tsakiyar bazara a Isa, idan iska ta kai digiri 42, bambancin ya koma 48 kawai, watau lagireton ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin sanyayawarsa. Bugu da ƙari, iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. Tsakanin digiri 20 da 42 nauyinta yana raguwa da kusan kashi 7 cikin ɗari, ƙarfin injin kuma ya ragu. Direba sai ya ƙara taka totur, zafi ya ƙaru.

Akwai al'adu uku da suke tsananta wannan matsala. Ta farko ita ce zuba ruwan rijiya ko na gulbi a lagireto. Irin wannan ruwa yana ɗauke da ma'adinai da suka narke a cikinsa, waɗanda zafi yake sa su daskare a jikin siraran bututai, kamar farin dattin da ake gani a gindin tsohuwar butar shayi. Ruwan sanyaya inji na musamman yana da sinadarin da yake hana tsatsa, kuma ya fi ruwa zalla jinkirin tafasa. Ta biyu ita ce sakaci da murfin lagireto. Wannan murfi yana riƙe matsi ne, matsin kuwa shi yake sa ruwan ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Idan robarsa ta mutu, ruwa sai ya tafasa a digiri 100 ya tsiyaye. Ta uku ita ce cire na'urar da bakanikai suke kira tamostat, bisa zaton ƙasar sanyi kaɗai take amfani. Aikinta shi ne ta tsare ruwa a cikin inji har ya kai kusan digiri 82 sannan ta buɗe. Idan babu ita, injin yakan daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, fetur ya riƙa wanke man da yake bangon silinda, kuma a mota mai injekta kwamfutar injin ta ci gaba da ba da mai da yawa. Cire ta ba ya gyara lagireton da ya toshe.

Ƙarshen injin da ya yi zafi fiye da kima sananne ne: kan injin, wanda na alminiyom ne, sai ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Idan allurar zafi ta haura, abin yi shi ne a tsaya a kashe inji, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin tururinsa yana ƙona fuska da hannu.

Nauyi da gudu

An ƙera wannan mota don mutum 5 da ɗan kayansu, abin da bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Idan aka ɗora mata mutum 8 da buhuna a but, kuloci da birki da taya duk sun ɗauki abin da ba a shirya su dominsa ba. Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma game da gudu ninki yake yi: motar da take gudun kilomita 120 a awa tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na mai gudun 80 sau biyu da kwata. Taya kuma, idan iskarta ta yi ƙasa ga nauyi ga kwalta mai zafi, takan yi ta lanƙwasa tana ɗumama har ta fashe. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta; 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Roba tana tsufa ko da zanenta bai goge ba.

Abin da kulawa take tsarewa

Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200, har ya haura Naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024. Wannan ya ƙara wa ƙaramin inji daraja, amma fa sai mai lafiya, domin injin da fuloginsa suka mutu ko matatarsa ta toshe yana iya shan mai kamar babba. Man da ake saye a jarka a bakin hanya kuma yakan zo da ruwa ko datti, don haka matatar mai ita ma tana bukatar kulawa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. A shekarun da suka biyo bayan 2019 hare-haren 'yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato, kuma a Disamba 2021 an ƙone matafiya da dama da suka taso daga yankin Sabon Birni a cikin motarsu. A hanyar da ake fargabar tsayawa, motar da ta mutu a daji ta jefa rayukan da suke cikinta cikin haɗari. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Matatar iska mai kyau, ruwan lagireto mai tsabta, murfi mai riƙe matsi, baƙin mai a kan lokaci da kaya daidai kima, kuɗinsu duka bai kai na sauke inji sau ɗaya ba, kuma su ne suke sa mota mai shekara 30 ta kai fasinjanta Sakkwato ta dawo da su gida.