Gyaran Ƙafar Mota Domin Ta Kama Ƙasa Lokacin Tashi, Ba Tare da Kashe Kuɗi Masu Yawa Ba

Ƙarfin inji ba ya amfanar mota sai gwargwadon abin da tayoyinta suka iya miƙa wa ƙasa, kuma wannan ya fi bayyana a daƙiƙun farko na tashi, lokacin da mota ke tsaye cik direba ya saki kuloci ya taka totur. Idan ƙarfin ya rinjayi riƙon taya, sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana ƙara da hayaƙi, man ya ƙone, robar ta cinye, motar kuwa ba ta yi gaba ba. Maganin wannan matsala yana cikin ƙafar mota, wato sifirin da shokozoba da ƙarafa da robobin da suka haɗa tayoyi da gangar jikinta.

An fi zurfafa wannan ilimi a Amurka, a wasan tseren miƙaƙƙiyar hanya wanda ƙungiyar NHRA, da Wally Parks ya kafa a shekarar 1951, ta tsara masa dokoki. Tsawon filin tseren a al'adance kwatan mil ne, kimanin mita 402, amma masu wasan sun fi zuba ido a kan lokacin da mota ta ɗauka kafin ta ci ƙafa 60 na farko, wato kusan mita 18, domin a nan ake gane ko ta kama ƙasa ko ta zame.

Tushen al'amarin shi ne komawar nauyi. Duk lokacin da mota ta zabura, wani ɓangare na nauyinta yakan bar tayoyin gaba ya koma kan na baya, kuma yawansa ya danganta da nauyin motar, da ƙarfin zaburar, da nisan cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. A misali, motar da ta kai kilo 1,500, mai cibiyar nauyi a rabin mita daga ƙasa da tazarar mita biyu da rabi, idan ta zabura da rabin ƙarfin maganaɗisun ƙasa, kimanin kilo 150 ne zai koma baya. Motar da tayoyin baya ke turawa riba take samu da wannan, tunda taya takan ƙara riƙo idan aka ƙara danne ta, alhali mai ja da tayoyin gaba asara take yi. Aikin kayan ƙafa shi ne su kai nauyin kan taya cikin sauri, su raba shi daidai tsakanin dama da hagu, su kuma tsare shi a can.

Sai dai mai ƙaramin ƙarfi bai kamata ya fara da sayen sababbin kaya masu tsada ba. Matakin farko shi ne taya mai kyau da daidaita iskarta, domin rage iska kaɗan yana faɗaɗa fuskar da ke taɓa ƙasa, sannan sauya duk abin da ya mutu. Bushin, wato robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a mahaɗun ƙafa, idan ya tsufa yakan bar aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, ya yi ta wasa, kuma maye gurbinsa da mai tauri irin na foliyuretan yana cikin gyare-gyare mafi arha, ko da yake yana ƙara jijjiga a cikin mota.

Daga nan sai a dubi irin ƙafar da motar ke da ita. A motocin da ke da sifirin mai falle-falle, kamar tsofaffin motocin Amurka da bayan Toyota Hilux, ƙarfin juyawar taya yakan murɗa aksul, ya lanƙwasa sifirin, sifirin kuma ya saki da ƙarfi, sai taya ta shiga tsalle tana kama ƙasa tana saki. Wannan tsalle yana iya karya aksul ko furofela. Maganinsa sanda ce ta ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sifirin, wadda kanta ke tokare gaban sifirin da zarar aksul ya fara murɗawa. A motocin da ke da sifirin mai naɗi kuwa, irin Ford Mustang na 1979 zuwa 1993 wanda ƙarafa huɗu ke riƙe da aksul ɗinsa, sauya ƙarafan ƙasa da masu ƙwari ne ke yin wannan aiki. Akwai kuma wata dabara mai sauƙin kuɗi: juyawar furofela takan rage nauyin da ke kan tayar baya ta dama, shi ya sa ita ke fara zamewa, don haka masu tsere kan cusa jakar iska a cikin sifirin wannan ɓangare domin a daidaita dannawar.

Shokozoba, wanda aikinsa shi ne hana sifirin yawan lilo, shi ke tsara saurin komawar nauyi. Masu tsere suna sa wa gaba irin da ake kira 90/10, mai saurin miƙewa da jinkirin komawa, domin gaban mota ya ɗaga ya daɗe a sama, wasu ma sukan cire sandar da ke hana mota karkata a kwana. Waɗannan gyare-gyare biyu na filin tsere ne kawai, domin suna raunana mota a kwana da lokacin taka burki. Ga motar da ake hawa kullum, shokozoba mai daidaituwa, wanda ake iya sassautawa a fili a ƙara masa tauri a titi, ya fi dacewa.

Mafi yawan ƙananan motocin da ke titunan Kano da Kaduna da Maraɗi, irin su Corolla da Accord da Golf, da tayoyin gaba suke ja, don haka ƙa'idar takan juya a kansu. Abin da ake nema shi ne hana gaba ɗagawa, ta hanyar ƙara wa sifirin baya tauri da sabunta robobin da ke riƙe da inji, waɗanda lalacewarsu ke cikin manyan dalilan tsallen tayar gaba.

Ko wace irin mota ce, hanyar da ke tsare aljihu ɗaya ce: a gano ainihin ciwon tukuna, ko zamewar tayoyin biyu ce, ko ta ɗaya, ko tsalle, sannan a sauya abu guda, a gwada a keɓantaccen fili nesa da jama'a, a auna lokaci, kafin a taɓa na gaba. Wanda ya sauya abubuwa biyar a rana ɗaya ba zai san wanne ya taimaka ba, kuma yana iya biyan kuɗin abin da ya rage wa motarsa riƙon ƙasa.