Ƙ, ɗ da ɓ a adireshin intanet: shin suna hana shafi fitowa a Google?

A ce matashi ne a Dagumawa, ƙaramar hukumar Wudil, yana son buɗe shafin tallata dabbobin da ake kaiwa kasuwar kara ta Wudil ranar Juma'a. Ya zaɓi suna mai kalmar "ƙasa" a ciki. Tambayar da ke gabansa ita ce: ya sa ƙ mai lanƙwasa a adireshin, ko ya bar k zalla?

Tun asali, tsarin sunayen shafuka bai san komai ba sai haruffa 26 na Turanci, lambobi da karan ɗori. A 2003 aka fito da tsarin Punycode, wanda ke juya sunan da ke da baƙon harafi zuwa rubutun da ke farawa da "xn--". A 2010 kuma hukumar ICANN ta ba Masar, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa damar samun ƙarshen adireshi da haruffan Larabci. Haruffanmu masu lanƙwasa, duk da na boko ne, suna cikin waɗanda sai an juya su.

A ɓangaren Google, babu hukuncin da ake yi wa shafi saboda baƙon harafi. Injin yana karanta irin waɗannan adireshi, kuma kamfanin ya sha faɗin cewa kalmomin cikin adireshi ba su da wani nauyi sosai wajen jera sakamako. Kanun shafi, abin da ke cikinsa da shafukan da ke nuni zuwa gare shi sun fi tasiri. Wikipedia ta Hausa ma tana sa ƙ da ɗ a adireshin maƙaloli.

Matsalar tana wajen mutane. Yawancin masu waya suna rubuta "kasa" ne ko da "ƙasa" suke nufi, kuma a wajen na'ura waɗannan adireshi biyu ne daban. Idan harafin yana bayan sunan shafi, sau da yawa ƙ kan rikiɗe zuwa %C6%99, ɗ ta zama %C9%97 idan aka kwafa aka tura a WhatsApp. Wanda ya ga haka yakan ɗauka tarkon 'yan damfara ne, ya ƙi dannawa.

Tsoron ba a banza yake ba. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar adireshi da haruffan Rashanci wanda ya fito sak kamar apple.com. A ƙaramin allon waya, ɓ da b kusan ɗaya ne.

Don haka mafita ga ɗan Dagumawa ita ce adireshi da haruffa zalla, gajere, mai sauƙin faɗa da baki. A kanu da cikin rubutu kuwa, ya sa lanƙwasa yadda ya kamata ta hanyar kunna Hausa a Gboard, kada mai neman "kaya" ya tarar da "ƙaya".